Ƙofa ta Ɗaya ta Alhaji Ce

Tun da na dawo daga Damargu ta ƙasar Nijar mutanen majalisarmu suka hana ni sakat. Wannan ya ce in ba shi labarin raƙuma, wancan ya ce wai da gaske ne an ɗaure ni. Ba a ɗaure ni ba, jama'a, riƙe ni aka yi, kuma akwai bambanci. Na gaji da maimaitawa, kowa ya ji sai ya ƙara nasa gishirin, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, Allah ya kai shi can ya gano wa idonsa.

Ga wanda bai san sana'ata ba, ni nake haɗa wa ofisoshi da asibitoci na'urorin ajiye bayanai. Akwai akwatin da ake tara komai a cikinsa, muna ce masa rumbu. Akwai kuma suwic, wani faffaɗan akwatin ƙarfe mai ƙofofi a jere, kowace na'ura da ƙofar da wayarta ke shiga, ta nan take isa rumbun. Aikina shi ne in saita saurin kowace ƙofa, in kuma tsara wa zai fara wucewa idan an yi cunkoso. Kamar layin famfon unguwa ne, in ba a tsara ba, mai ƙarfi ne zai yi ta ɗiba.

Wanda ya jawo ni cikin wannan tafiya shi ne Majo Isufu. Can babban nas ake ce wa majo. Shi ke riƙe da wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye gaba da Belbeji, wanda wani attajiri ya gina. A shagona na Kano ya sayi rumbu da suwic, ni na saita masa su ya tafi da su. Ba su da likita, amma suna da na'urar hoton ciki, wadda muke ce wa sikanin su kuma suke ce wa eko. Su ɗauki hoto ya shiga rumbu, wata likita a Damagaram ta duba ta can, ta faɗa musu abin yi.

Ya kira ni da safe, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Injiniya, hoto ya daina tafiya. Kuma akwai mace kwance."

Sunanta Gaisha, matar wani makiyayi, cikinta ya tsufa, jini yana ɗan ɗiga mata. In ya ɗora ta a mota a kan hanyar damina, jijjigar kaɗai tana iya ɓalle jinin. In ya bar ta kuma, alhali akwai abin da ya tare hanyar haihuwa, nan ma halaka ce. Likitar ce kaɗai za ta raba gardama, ita kuwa hoton yana isa gare ta a kakkarye. Na ce ya ɗauka da waya ya tura, ya ce sun yi, ta ce inuwa kawai take gani. Na gwada shiga suwic ɗin daga shagona, ya ƙi ko amsa sallama. Sai na haɗa jaka. Uwargidana ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Duk Nijar ba mai gyara sai kai?" Nima tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Daga Kano zuwa Daura ba labari. A kan iyaka, wajen Kongolam, tsoro ya fara yi mini sallama. Wani jandarma dogo ya buɗe jakata ya zaro shuɗiyar wayar da nake haɗa kwamfuta da suwic, ya ɗaga ta sama da yatsa biyu kamar ya kamo maciji. Sai ga filaya, ga guntayen wayoyi, ga wata 'yar na'urar gwaji mai ƙyalƙyal da fitilu. Ni kaina da na dubi kayan a shimfiɗe kan tebur sai na ga ban yarda da mai su ba.

"Ina za ka da waɗannan?"

"Belbeji, ranka ya daɗe."

Ya dubi abokin aikinsa, suka yi Faransanci mai tsawo, ni kuwa Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Sauran fasinjoji suka koma mota suna leƙena ta taga. Allah ya taimake ni Majo ya ɗauki waya. Jandarman ya saurare shi, ya mayar mini da kayana da hannunsa, ya ce da Hausa tsantsa, "In ka wuce Tanut kada ka nuna wa kowa jakar nan. Mutane a tsorace suke." Na so a ce zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

A tashar Damagaram kuwa, ina buɗe baki na tambayi motar Tanut aka gane ni. Wani tsoho mai sayar da kilishi ya ɗaga murya ya ce, "Ku kama aljihunku, ga Bakano!" Na juya da fushi, har na fara nannaɗe hannun riga, sai na ga duk tashar dariya ake yi. Ashe wasan nan ne na Kanawa da Damagarawa, wanda mu a gida sai a bakin tsofaffi muke jin sa. Su can da ransa yake. Tsohon ya kira ni bawansa, ya ce kakanninsa sun sha korar nawa, sannan ya tura mini kilishi cikin takarda ya ce in ci kada in mutu a ƙasar iyayengijina. Duk abin da Bakano ya faɗa wa Badamagare, in ji shi, ba a kai shi ƙara. Kilishin nan kuwa, in faɗi gaskiya ko da za ku kore ni daga majalisa, ya fi namu.

Hanyar Tanut kwalta ce, amma kwaltar da ta gaji. An cusa mu cikin bas, ni da wata tsohuwa da akuyarta a kujera ɗaya. Gero ya yi kore shar hagu da dama, har wajen Ollelewa ana hira. Daga nan sai hirar ta mutu. Muka wuce wata ƙonanniyar mota a gefen hanya, ba wanda ya ce uffan, tsohuwar ta fara jan carbi. Na tambayi na bayana abin da ya faru da motar, ya ce, "Allah dai ya kyauta," ya kau da kai. Mu a Kano da an ga abu za a yi ta sharhi har a sauka. Can kuwa abin da ake tsoro ba a kiran sunansa, kuma shirun ya fi labarin firgita ni.

A Tanut na kwana gidan wani ɗan'uwan Majo. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, da wani busasshen cuku mai tauri wanda na kusa barin haƙorina a jikinsa. Mai gidan ya ce ba haka ake yi ba, a shayi ake jiƙa shi. Shayin ma da dokarsa, zagaye uku ne, wanda ya tashi bayan na farko ya yi rashin kunya. A wajen shayin aka nuna mini wanda zai tuƙa ni, wani Ba'abzine mai suna Agali. Mai gidan ya raɗa mini cewa shi ne mijin matar da ke kwance, shi ya roƙi a ba shi motar asibiti ya zo ɗaukata. Agali ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kai ne mai gyaran?" Na ce ni ne, da yardar Allah.

Ana sallame asuba muka kama hanya. Daga nan ba kwalta, sai rairayi da koramu. Agali ba ya magana, ba ya kuma taka birki. A wata korama motar ta nutse har gindi, muka fito muna tonon yashi da hannu, takalmina ɗaya ya tafi ban sake ganinsa ba. Muna cikin haka sai ga babura biyu sun nufo mu, kowane da goyo, fuska a rufe. Na yi kalmar shahada, na tuna ban yi sallama da mahaifiyata ba. Ashe masu zuwa cin kasuwar Belbeji ne. Suka sauka suka tura mu, ɗayansu har ya ba ni silifas ɗinsa, ya hau babur ƙafa ba takalmi.

Da hantsi muka isa. Asibitin ɗakuna ne 'yan kaɗan, jikin katangar wani makeken gida. Majo ya rame, idonsa ja. Ya wuce da ni ta gaban ɗakin da Gaisha take, na hango ta kwance a gefe ɗaya, wata dattijuwa tana mata fifita. Ban tsaya kallo ba. Na shiga ɗan ɗakin na'urori na jona shuɗiyar wayata.

Ban daɗe ba na ga ɓarnar. Ƙofa ta ɗaya, wadda na bari ba kowa, yanzu da waya a cikinta, fitilarta tana ƙyaftawa ba hutu. An ɗora ta a layin da ya fi kowane daraja, irin wanda muddin yana da kaya ba mai wucewa sai ya gama. Ita kuwa ba ta gamawa. Na'urar eko an mayar da ita layin ƙarshe, wanda ake zubar da kayansa in wuri ya cika. Ƙofar rumbun kanta an ɗaure ta a ƙaramin sauri, ta ƙuntata. Hoton Gaisha yana tsaye a baya, ana ta yayyage shi.

"Majo, wayar nan ta ina ta fito?"

Ya sunkuyar da kai. "Gidan Alhaji Lawali ne. Kamarori aka sa masa."

Alhaji Lawali shi ne attajirin da ya gina asibitin, Badamagare ne da ya zauna nan yana fataucin raƙuma. Kwanakin baya 'yan bindiga sun zo gidansa, sai da suka fara yanke wuta sannan suka haura katanga. Tun ranar ya sa kamarori ko'ina, har garken raƙuma, ya ɗauki masu gadi suna zaune gaban allo dare da rana. Mai haɗa kamarorin ya ga rumbu a asibiti ya ce a yi amfani da shi.

Na sa Majo ya kira mini mutumin. Na ce, "Malam, wa ya ce ka sa kamara gaba da eko?"

Ya ce, "Haba Injiniya, mai gida ne fa. Shi ya gina wurin. In sa shi bayan wa?"

Na ce masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Amma ko da nake zaginsa na san ba mugunta ya yi ba, ladabi ya yi. A wajensu babba ba ya bin layi, ko da layin cikin akwatin ƙarfe ne.

Na gaya wa Majo gyaran ba wuya, sai dai in na taɓa ƙofar rumbu allon masu gadi zai ɗauke na ɗan lokaci. Ya dafe kai. Ya ce sai an nemi izinin Alhaji, Alhaji kuwa yana da baƙi, kuma shi ba zai iya duban idonsa ya ce za a mayar da shi baya ba, sai dai a nemi wani dattijo ya shigar da maganar. Muna cikin wannan jan ƙafa dattijuwar nan ta fito da gudu da zani a hannu. Ban taɓa ganin zani ya jiƙe da jini haka ba. Majo ya ruga. Ni kuwa na dubi allon kwamfutata, na ce bismillahi.

Na ɗaga eko zuwa layin farko. Na sauke kamarori, na yanka musu rabo daidai wanda ba za su wuce shi ba. Na saki ƙofar rumbu ta koma cikakken saurinta. Fitilun suka mutu gaba ɗaya. Ina cikin adana saitin don kada ɗaukewar wuta ta goge shi, na ji ihu daga bayan katanga, sai gudu, sai ƙarar ƙofa.

Masu gadi uku suka shigo, biyu da bindigar farauta, ɗaya da takobi. Suka tarar da baƙo daga Najeriya, da silifas ɗin aro, da wayoyi a gabansa, a daidai lokacin da allonsu ya yi baƙi. Ku kanku me za ku zata? Babbansu, wani Bukar, ya ɗora mini bakin bindiga a ƙeya ya ce, "Su nawa ne? Ta ina za su shigo?" Har yau in na kwanta ina jin sanyin ƙarfen nan a wuyana. Suka fizge ni, ƙafata tana jan ƙasa, mata suna kwashe yara suna shigewa gida, wani yana ihu a rufe garke.

Aka durƙusar da ni a zauren Alhaji gaban baƙinsa. Dattijo ne fari, siriri, bai ko ɗaga murya ba.

"Wa ya aiko ka ka makantar da gidana?"

Majo yana can kan mai jini, Agali yana wajen matarsa, ba mai shaidata. In na fara bayanin layi da ƙofa, kafin in kai rabi wani ya gaji ya danna kunamar bindiga. Sai tsohon mai kilishi ya faɗo mini a rai. Ban san ko wasan yana aiki gaban bindiga ba, amma ba ni da wani abu a hannu. Na ce:

"Alhaji, ni Bakano ne. Dama na san Badamagare da tsoro, amma ban san abin ya kai a sa raƙuma gaba da mai ciki ba."

Bukar ya ƙara danna mini bindiga har goshina ya kusa taɓa tabarma. A raina na ce shi ke nan, Kabiru, bakinka ya kashe ka. Alhaji ya dube ni, sannan ya ce, "Ku ɗaga shi. Ɓarawon Kano ba ya zuwa da rana, sai dai ya buɗe shago." Wani cikin baƙin ya yi 'yar dariya. Shi Alhajin bai yi ba. Ya ce, "Wace mai cikin?"

Ashe bai sani ba. Ba wanda ya gaya masa, duk don kada a ɓata masa rai. Na yi masa bayani a gurguje, ya miƙe ko takalmi bai tsaya nema ba, muka nufi asibiti. Kafin mu isa fitilu sun dawo, kamarorinsa ma sun dawo. Majo yana riƙe da waya a kunne, na'urar eko a kan cikin Gaisha, muryar likitar tana fitowa har waje: "Na gani, yanzu na gani sarai. Mabiyiya ce ta tare hanya. Kada ku bari ta yi naƙuda a nan, ku taho da ita yanzu, ina shirya ɗakin aiki."

Alhaji ya dubi Majo ya ce, "Isufu, ni dodo ne?" Alhaji ya ba da babbar motarsa mai cin rairayi, ya haɗa mu da Bukar ya raka mu. Mutumin da ya ɗora mini bindiga ɗazu, shi ya riƙa miƙo mini ruwa a hanya, ba tare da ya dube ni ba.

Komowar nan ita ce tsoron gaske. An shimfiɗe Gaisha a baya, Majo yana gefenta, ni aka ba ledar ƙarin ruwa na ɗaga sama har hannuna ya mutu. Agali ya yanke ta wata hanyar makiyaya da ke fita kwalta can ƙasa da Tanut. Wannan karon a hankali yake tuƙi, kowane rami sai ya lallaɓa shi. Gaisha ba ta yi kuka ko sau ɗaya ba. Wani lokaci sai ta rufe ido ta daɗe, Majo ya kira sunanta, sai ta buɗe. Ban sake tuna 'yan bindiga ba sam.

La'asar sakaliya muka shiga Damagaram. Aka karɓe ta a kan gadon da ake turawa, aka rufe ƙofa. Ni da Agali muka zauna a kan wani benci a baranda. Bai zauna da kyau ba, a bakin bencin ya ɗosana, hannayensa a kan gwiwa. Rana ta kusa faɗuwa wata nas ta fito tana cire safar hannu, ta tambayi mijin, ya miƙe.

"Uwar ta tsira," in ji ta. "Sai haƙuri da abin da aka samu, bai zo da rai ba. Mace ce."

Agali ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sake cewa, "Alhamdu lillahi." Sai ya juya ya fuskanci bango, ya sauke amawalin rawaninsa don ya share fuska. Su Abzinawa ba sa yaye amawali a gaban mutane, ko abinci ta ƙarƙashi suke ci, don haka sai a lokacin na ga fuskarsa. Yadda yake da shiru da nauyi na ɗauka ya girme ni. Ashe yaro ne matashi, gemunsa ma bai gama haɗuwa ba, bai kai ƙanena Sadiku ba. Na dafa kafaɗarsa, ni da na zo ba shi haƙuri na fi shi zubar da hawaye.

Da ya natsu ya ce, "Injiniya, gyaran nan zai riƙe? Ƙanwata tana ruga, cikinta wata bakwai."

Na ce masa zai riƙe, ko an ɗauke wuta zai riƙe. Ya gyaɗa kai, ya mayar da amawalinsa. Sannan ya tambayi nas ɗin inda ake sayar da farin ƙyalle a kusa, ya ce ƙarami ma ya isa.